Jan Zare a Wuyan Sarakunan Sitti

Jikokina suna cewa ni mai riƙo ce, wai abin da aka yi mini tun ba a haifi uwarsu ba har yau ina ba da labarinsa kamar jiya aka yi. Ban musa ba. Akwai abin da na yafe, akwai wanda tsufa ya mantar da ni. Na matar nan ta Ruwais kuwa ban yafe ba, ban manta ba, kuma da hannuna na rama.

A Jidda aka haife ni, a unguwar Ammariyya, cikin ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida inda muke shanya. Kakanninmu a ƙafa suka zo aikin hajji daga ƙasar Hausa, ba su koma ba. Babana ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa, ya rasu ina ƙarama, ya bar ni daga ni sai Inna sai allurarta. Inna kuwa in ta riƙe allura sai ki rantse da ita aka haife ta. Tana ɗinkin hula, tana yi wa matasan kan amare furanni, da haka muke ci.

Ɗakin da muke ciki na wani attajirin unguwar Ruwais ne mai shigo da kaya ta teku, ta nan ne matarsa ta ji labarin hannun Inna. Sitti muke ce mata, kamar yadda duk mai aiki a gidan yake cewa. Ita kuwa ban taɓa jin sunan Inna a bakinta ba. In tana cikin nishaɗi ta ce ya Hajja, in ranta a ɓace ta ce ya Takruniyya, sunan da Larabawan Jidda suke kiran irinmu da shi ke nan.

A shekarun da talabijin ta fara shiga gidajen masu hali, wani yayi ya kama matan attajirai. In sun je hutun zafi Beirut ko Masar, sai su dawo da wasu faffaɗan kwalaye. A cikin kowane kwali akwai ƙyalle mai tauri mai ƙananan huji kamar rariya, kanfa suke ce masa, an riga an buga masa hoto da launi. Akwai zaren ulu ƙulli-ƙulli, kowane launi da nasa, da allura mai dakusasshen baki. Aikin shi ne ki bi hujin nan ɗaya bayan ɗaya kina cikewa da ulu har hoton ya tashi. Hotunan kuma duk na sarakunan Turawa ne na da, da matansu, irin waɗanda masu zane suka zana tun ba a san kyamara ba. Akwai wani sarki da gashi har kafaɗa ya nannaɗe kamar na tunkiya, ga takalmi mai tsini irin na mata. Akwai wani ɗan saurayi da takobi ya kusa finsa tsawo. Akwai kuma wata sarauniya mai dogon wuya fari fat, an jera masa lu'ulu'u, ita ce Sitti ta fi ji da ita.

Sitti dai ko zura zare a allura ba ta da haƙurinsa. Sai ta ajiye Inna a ɗan ɗakin da ke bayan kicin, gefen taga, tun safe har la'asar. Sarki ɗaya yakan ci watanni. In an gama a ja kanfar a kan katako ta yi tsam, a buga ƙusoshi ta baya, a sa firam mai ruwan zinari, a rataye a majalisin da take karɓar baƙi. Ba a sa gilashi, saboda raɓar Jidda tana shiga ciki ta yi gumi, kuma matan suna son shafawa. In sun shafa sun yaba, sai Sitti ta karkata kai ta ce, "Shugul yaddi," wato aikin hannunta ne. Na sha ji da kunnena, don ranar baƙi ni nake zaga da tiren shayi. In na koma na gaya wa Inna ina huci, sai ta ce, "Bar ta. Ni me zan yi da yabon matan Ruwais?"

Abin da ya dami Inna daban ne. Tun ranar da aka buɗe mata kwalin farko ta ga fuska da idanu, jikinta ya yi sanyi. Ta tashi da sanin cewa duk wanda ya yi surar abu mai rai, ranar ƙiyama za a tsayar da shi a ce ya hura masa rai, ba kuwa zai iya ba. Ta je wurin malamin unguwarmu, wani tsohon Bahaushen Sudan, ta gaya masa. Ya ce ta yi yadda ake yi wa hotunan da ke cikin littattafan 'yan makaranta a lokacin: a ja layi a wuya, a raba kai da gangar jiki, shi ke nan abin ya tashi daga sura.

Sai Inna ta riƙa jan nata layin da zare. In ta iso wuya, ta zaɓi ulun da ya ɗan fi na fatar duhu, ta ja siririn layi daga wannan gefe zuwa wancan. In ba hancinki kika kai kusa ba, cewa za ki yi inuwar haɓa ce. Ranar da ta ja layin nan takan dawo gida da fara'a. "Yau na yanka mai gashin tunkiya," ta ce mini, ta wanke hannu ta ci abinci har da neman ƙari. Shekaru aka yi a haka, ba wanda ya lura.

Wadda ta lura faccalar Sitti ce, matar ƙanin mijinta. Su biyun in sun haɗu sumba ce kunci da kunci, amma kowa a gidan ya san ba sa ga maciji. Wata ranar baƙi ta tsaya gaban mai lu'ulu'u ta sa tabarau, ta daɗe tana dubawa, sannan ta juyo da murmushi.

"Ashe ke ma kina yanka musu wuya, kamar littafin 'yan firamare?" in ji ta. "Wane malami ya sa ki?"

Sitti ta yi wuri-wuri da ido. Ba ta san da layin ba, ga shi kuma ita ce wai ta ɗinka. Matan suka riƙa danne dariya, wata ta shiga gyara mayafinta ba dalili.

Washegari da safe Sitti ta sa aka sauko da sarakunan duka, aka jera a ƙasa, ta kira Inna. Ina tsaye bakin ƙofa.

"Ki warware layin nan kaf, ki cike wuyan yadda yake a hoto," in ji Sitti.

Inna ta durƙusa. "Sitti, don Allah ki bar mini wannan. Ba ya ɓata komai. In kina so in ƙara siranta shi har ba mai gani."

"Ni za ki kunyata a gaban faccalata, ya Takruniyya? Yalla, ɗauki allura. In ba za ki iya ba, ɗakin Ammariyya akwai masu so."

Inna ta ɗago ta dube ni, ta dubi sarakunan, sannan ta miƙa hannu ta ɗauki allurar. Da hannunta ta warware su ɗaya bayan ɗaya, hawaye yana ɗiga a kan ulu tana gogewa da bakin mayafi don kada ya yi tabo. Sitti kuwa tana zaune a kujera tana ɓare soyayyun 'ya'yan kankana da haƙori, tana tofar da ɓawon a faranti. Har yau in wani ya zauna kusa da ni yana ɓare su, tashi nake yi in ba shi wuri.

Bayan haka Inna ta ƙara ɗinka mata wasu, Sitti tana zuwa tana leƙa wuyan kowane. Ba a daɗe ba yanar ido ta fara rufe mata gani, ta riƙa sa kore inda ya kamata shuɗi. Ranar da Sitti ta gane, ta ce, "Halas, ya Hajja, je ki huta." Ta sallame ta da ƙunshin tsofaffin riguna da ragowar ulun da ya saura a kwalaye. Ku ji fa, ragowar ulu ta ba makauniya.

Rashin idon bai karya Inna ba, sarakunan ne suka karya ta. Ta daina cin abinci sai an yi da gaske, ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. In ta idar da salla sai ta zauna tana kiransu da sunayen da ta sa musu, mai gashin tunkiya, mai takobi, mai lu'ulu'u. "Suna can a rataye da wuyansu lafiya lau," in ji ta. "Ni za a kira. Da wane numfashi zan hura musu?"

Na ɗauko malam ya zo har gida, ya ce mata tilasta ta aka yi, Allah ba ya kama wanda aka tilasta. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Malam, ba wuƙa aka sa mini ba. Ɗaki na zaɓa." Ni kuma na ce mata ai Sitti ta gaya wa duk Ruwais ita ta ɗinka, to ita ta hura musu mana. Ko murmushi ba ta yi ba. "Mai tambayar ya san hannun da ya yi," ta ce.

A nan na gane magana ba za ta yi ba. In ba a yanka sarakunan nan ba, Inna za ta mutu da tsoronsu a ƙirjinta. Kuma ba zan ɓoye ba, ba kwanciyar hankalin Inna kaɗai nake so ba. Ina so matar nan ta ji a jikinta.

Lokacin na yi aure, mijina mai tsire ne a bakin kasuwa, wanda Larabawa suke ce wa siriya suna layi a kansa. Na fara da roƙonsa ya raba mana ɗaki da katako, na ɗauko Inna na dawo da ita wurinmu. Kayanta na riƙa kwashewa kaɗan-kaɗan, na bar ƙofar Ammariyya a kulle kamar muna nan. Sai da na tabbata ba abin da Sitti za ta iya ƙwacewa, sannan na yi wanka na sa kwalli na tafi Ruwais.

Na sumbaci hannunta. Allah ya sani da ƙyar na haɗiye abin da ya taso mini. Na ce, "Sitti, ga ni. Inna ta koya mini, kuma ni ba ruwana da wani layi." Ta ji daɗi, don ta sayo sabon kwali ba mai yi. Na zauna a gefen tagar nan, a kan tabarmar da Inna ta zauna, na ɗinka mata wani sarki mai tumbi da wuyansa cif. In ta yi barkwanci in yi dariya, in ta ce ya Takruniyya in ce na'am. Mijina yana cewa wannan ladabi nawa yana ba shi tsoro.

Sha'aban nake jira. Kowace shekara kafin azumi ana yi wa gidan gyara, a sauko da hotunan, a cire su daga firam, a kai soro a kakkaɓe ƙura, su sha iska a inuwa, sannan a mayar. Bayan nan Sitti takan tara mata su yi walimar da mutanen Jidda suke yi ta bankwana da cin rana. Da lokacin ya zo, ni aka ba aikin soro, don kowa yana kicin.

Na hau da rezar mijina a ƙulle a bakin zane, da ƙullin jan ulu daga cikin ragowar da ta ba Inna. Na kifa mai lu'ulu'u a kan cinyata. Ta baya na bi wuyan na yanke kanfar kanta, zare bayan zare, daga wannan gefe zuwa wancan, har haske ya ratso. Sannan na haɗe bakin yankan da jan ulun nan, ɗinki mai kauri wanda ko daga ƙofa za a hango. Ba abin da yake riƙe da kai da jiki sai shi. Haka na yi wa mai gashin tunkiya, da mai takobi, da sauran, har da mai tumbin da ni na ɗinka. Rana tana dukana, gumi yana shiga mini ido, amma ban taɓa yin aikin da na ji daɗinsa kamar wannan ba. Na ja kowane a kan katakonsa kamar fatar ganga, na buga ƙusoshi, na mayar da su cikin firam, na rataye su a majalisi, na lulluɓe kowane da farin ƙyalle yadda aka saba yi don ƙurar shara.

Ranar walima bayan la'asar, Sitti tana sama ana gyara mata gashi, na ji muryoyin baƙi a matakala. Sai a lokacin na bi na yaye ƙyallayen, na ɗauki tiren shayi na tsaya a wurina. Mata suka shigo suka zazzauna, surutu ya riƙa raguwa har ya mutu. Sarakuna jere a bango, kowane da jan layi a wuya kamar ragon layya. Sitti ta sauko tana ƙamshi, tana buɗe hannu za ta rungumi mutane, sai faccalarta ta tare ta.

"Masha Allah," in ji faccalar. "Bana ja kika yi musu."

Sitti ta juya ta ga bango. Ta nemo ni da ido, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ke, zo ki cire wannan abin yanzu."

Na ce, "Sitti, ina ni ina taɓa aikin hannunki? Ke kika san kansa. Ga almakashi." Da ma yana kan tiren, gefen kofuna, na miƙa mata da hannu biyu.

Mata duk suna kallo. Shekara da shekaru tana ce musu shugul yaddi, yau ba ta isa ta ce ba ta iya cire zare ɗaya ba. Ta yi 'yar dariya, ta ce wasan yaran gida ne, ta nufi mai lu'ulu'u. Ta datse jan ulun daga gefe ta ja. Zaren ya biyo hannunta zarar, wuyan ya buɗe ɓarr, ya wage har ana ganin farin bango ta ciki, lu'ulu'un suka fara warwarewa suna lilo. Wata tsohuwa ta ce a'uzu billahi. Sitti ta ɗauka tsautsayi ne, ta matsa ga mai gashin tunkiya, ta datse ta ja. Shi ma ya wage.

A nan ta gane. Ta dubi sauran da ke jere da jan layinsu, ta ga in ta bari ga ja, in ta cire ga rami. Ta juyo ta dube ni, ni kuma ban sunkuyar da kai ba, karo na farko tun da na san gidan.

"Uwarki ce ta aiko ki," in ji ta.

"A'a, Sitti. Inna ba ta gani. Ni ce na gani."

Ta fizgo mai lu'ulu'u daga bango ta jefe ni da ita, firam ɗin ya same ni a kafaɗa. Ta ce ni da uwata mu bar mata ɗakinta kafin magariba. Na kwance mabuɗin daga bakin zanena, na ajiye a kan tire kusa da sukari, na ce mun daɗe da bari. Sannan na sunkuya na ɗauki sarauniyar da aka jefe ni da ita, na sa a hammata na fita. Ba wadda ta tare ni. Faccalar ma matsawa ta yi ta ba ni hanya.

Daga ranar ba gidan da ya sake kirana aiki a Ruwais, labari ya zaga cewa Takruniyyar nan muguwa ce. Na yi shekaru ina daka wa mijina ƙuli da yaji har tafin hannuna ya yi kanta. Kafaɗar ma takan yi mini ciwo in an yi sanyi. Ban taɓa cewa da na sani ba, ko sau ɗaya.

Na iso gida rana ta yi sanyi. Inna tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa da carbi, kwanon da na bar mata tun safe yana gefe a rufe, ba ta taɓa ba. Na ɗora mata firam ɗin a cinya. Ta ajiye carbin ta fara lalube. Ta shafa kambin, ta sauko goshi, ta bi hanci.

"Mai lu'ulu'u ce," ta ce. "Me ya kawo ta nan?"

Yatsanta ya sauko haɓa, ya zo wuya, sai ya faɗa ciki ya fita ta baya. Ta tsaya cak. Ta bi bakin yankan a hankali daga wannan gefe har wancan, ta sake dawowa.

"Wannan ba layi ba ne," in ji ta.

"Ba layi ba ne, Inna. Yanka ne. Ba mai iya warware shi."

"Mai gashin tunkiya fa?"

"Shi ma."

"Mai takobi?"

"Duka, Inna. Ban bar ko ɗaya ba."

Ta bar yatsanta a cikin wuyan sarauniya. Can ta lalubo zaren da ke lilo ta murza shi, ta yi tsaki. "Kin ɓata mini lu'ulu'u," ta ce. "Ba ki san wahalar da na sha a kansu ba." Sannan ta ture firam ɗin gefe, ta miƙa hannu tana neman kwanon. Ta buɗe ta shinshina, ta ce waken ya huce, in ɗumama mata, kuma in duba ko akwai sauran burodi.